Wa zai karanta ƙwayar cutar da ke kashe yaran Tasawa da Mayahi?

Duk shekara, daga lokacin da hunturu ya kankama har zuwa saukar ruwan farko, ma'aikatan lafiya na gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi suna zama cikin shirin ko-ta-kwana, domin lokacin sanƙarau ke nan. Idan aka kawo yaro da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sandare, ƙa'idar aiki ita ce a ɗebi ruwan ƙashin bayansa da allura, a fara ba shi magani nan take, sannan a aika da kwalbar ruwan domin a gano ƙwayar cutar da ta kama shi. Cibiyar da ke tabbatar da hakan a matakin ƙasa, wato CERMES, tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 800 daga Tasawa. Idan kuwa ana son sanin asalin ƙwayar, daga ina ta fito, wane canji ta yi, an shafe shekaru amsar tana zuwa ne daga Amurka ko Turai.

Tun a ƙidayar 2012 waɗannan gundumomi biyu sun haura mutum miliyan ɗaya idan aka haɗa su. Jama'a mai wannan yawa, da ke zaune a tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka, kuma kusa da iyakar da kwalara ke ƙetarawa, ta cancanci a samu 'ya'yanta cikin masu binciken cututtukanta. Hakan kuwa ba zai samu ba sai Nijar ta mai da wannan bincike aiki mai albashi, mai matakai, wanda matashi zai iya shiga ya tsufa a cikinsa ba tare da ya bar ƙasa ba.

Mene ne aikin?

Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da kundin halittarta, wani dogon jeri da aka rubuta da haruffa huɗu kacal na sinadarai. Na ƙwayar korona ya kai haruffa kusan 30,000, na ƙwayar sanƙarau ya haura miliyan 2, na kwalara kuwa kusan miliyan 4. Akwai na'urorin da ke karanta wannan jeri, sannan masani ya zauna da kwamfuta ya kwatanta shi da na sauran ƙwayoyin da aka samu a wasu wurare. Da haka ake gane ko cutar da ta ɓulla a Korgom 'yar uwar wadda aka gani a Daura ce, ko magani zai ci ta, ko allurar rigakafin da ke hannu za ta tare ta. Daga wannan ilimin ne kuma ake ƙera kayan gwaji masu sauƙi, irin ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a asibitin ƙauye ya nuna zazzaɓin cizon sauro cikin minti 15 zuwa 20.

Abin da ya faru a 2015 ya isa ya nuna muhimmancin aikin. A Disamban 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda ke tare nau'in sanƙarau na A, nau'in da ya fi kowanne ɓarna a annobar 1996 da ta kashe mutum kusan 25,000 a faɗin yankin. Allurar ta yi aiki, nau'in A ya kusa ɓacewa, jama'a suka fara sakin jiki. Sai ga wani nau'in C da ba a saba gani ba ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013. Bayan shekara biyu ya afka wa Nijar: daga Janairu zuwa Yunin 2015 an lissafa mutum 9,367 da ake zaton sun kamu, 549 suka rasu. An rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, allurar da ta dace da nau'in kuma ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya.

Masu binciken CERMES ne suka bi diddigin annobar, kuma sunan wata 'yar Nijar, Fati Sidikou, shi ne na farko a rahoton da mujallar Lancet Infectious Diseases ta buga a 2016. To amma cikakken kundin halittar ƙwayar, wadda aka yi wa lamba ST-10217, a ƙasashen waje aka karanta shi, a cibiyar CDC ta Atlanta da kuma hukumar lafiyar jama'a ta Norway da ke Oslo. A 2018 masanan Oslo suka nuna cewa ƙwayar ta samo asali ne daga wata da ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta cutar da kowa, sai ta aro wasu sassan halitta daga 'yan uwanta, ta samu rigar da ke kare ta daga garkuwar jiki, ta zama makashiya. Kafin wannan bayani ya fito, ƙwayar ta riga ta kama sama da mutum 14,000 a Nijeriya a kakar 2016 zuwa 2017, ta kashe sama da 1,100, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Dalilin da ya sa jinkiri ke kisa a nan a bayyane yake. Allurar sanƙarau ba ta tare kowane nau'i sai wanda aka yi ta dominsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: idan mutum 10 cikin 100,000 suka kamu a mako guda a wani yanki, an shiga annoba, kuma ana son a yi wa jama'a allura cikin mako huɗu. Rumbun allura na gaggawa na duniya kuwa ba ya sakin kaya sai an nuna masa shaidar ɗakin gwaji kan nau'in da ke yawo. Ke nan duk kwanan da kwalba ta yi a hanya daga Kanambakashe ko Urafan, an rage shi ne daga waɗannan makonni huɗu. Sabuwar allurar da ke tare nau'o'i biyar, A da C da W da Y da X, wadda Nijeriya ta fara amfani da ita a 2024, babban ci gaba ce. Sai dai ba ta kore buƙatar gwaji ba, saboda akwai wasu ƙwayoyin daban da ke haddasa sanƙarau, kuma darasin 2015 shi ne ƙwayar cuta ba ta zama yadda aka bar ta.

Ba sanƙarau kaɗai ba

A Yulin 2018 kwalara ta shigo Madarunfa daga ɓangaren Jibiya, ta bazu zuwa wasu gundumomin jihar Maraɗi da wajenta, ta kama sama da mutum 3,000. A 2021 ta dawo, ta kama sama da 5,000 a ƙasar, Maraɗi na kan gaba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017, wanda ya karanta kundin ƙwayoyin kwalara sama da 1,000, ya nuna cewa tun daga 1970 an shigo da cutar Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, kuma sababbin zuwan sukan taho da ƙarfin bijire wa magunguna. Likitan da bai san wane zuri'ar kwalara yake fuskanta ba, yana iya ba da maganin da ƙwayar ta riga ta fi ƙarfinsa.

Matsalar bijire wa magani ma a cikin Maraɗi aka gan ta ƙuru-ƙuru. Wani bincike da aka buga a 2011 kan yara 55 masu tamowa da aka kwantar a wata cibiyar jinya ta garin ya gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu karya ƙarfin manyan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma cikin waɗanda suka zo ba su da su aka sake gwada su lokacin sallama, kusan duka sun kwasa. Haka ma ɗan tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro. Yawancinsu suna neman wani sinadari ne da ƙwayar ke fitarwa mai suna HRP2. A Eritiriya an samu ƙwayoyin da suka zubar da sashen halittar da ke yin sinadarin, gwaji ya riƙa cewa babu cuta alhali yaro na fama da ita, har ƙasar ta sauya kayan gwajinta a 2016. Ba wanda zai gane irin wannan da ido. Sai an ɗebi jini daga ƙauyuka a kai a kai, an karanta.

Ba daga tushe za a fara ba. CERMES tana aiki tun 1978, kuma masu bincikenta tare da cibiyar Pasteur ta Paris sun ƙera tsinken gwajin sanƙarau na gaggawa da aka bayyana sakamakonsa a 2006. A lokacin korona Nijar ta shiga shirin AFROSCREEN na ƙasashen Afirka 13 da aka kafa don ƙarfafa karanta kundin ƙwayoyin cuta. A Maraɗi akwai cibiyar Epicentre, sashen bincike na ƙungiyar likitocin MSF. A nan ne aka gwada allurar Rotasiil mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500 na yankin Madarunfa, aka samu tana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani na ƙwayar rotavirus, sakamakon da aka buga a 2017 kuma ya taimaka wajen amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya da ita a 2018. Iyaye matan karkarar Maraɗi sun ba da jariransu, duniya ta amfana. Akwai kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a cikin garin, mai tsangayar kimiyya da ta lafiya. Marasa lafiya suna nan, jami'a tana nan, gogewar bincike tana nan. Abin da ya yi rauni shi ne tsanin da zai haɗa su.

Tsanin da matashi zai hau

Yaro ko yarinyar da ta ci jarrabawar bak a ɓangaren kimiyya a Tasawa, idan tana son wannan aiki, hanya biyu ce gabanta. Ko ta bi karatun likita ko haɗa magunguna, shekaru da yawa kafin ta ƙware a ilimin ƙananan halittu, ko ta bi tsarin digiri na farko shekara uku, na biyu shekara biyu, na dakta aƙalla shekara uku. A takarda shekara takwas ke nan. A zahiri yajin aiki da jinkirin biyan bursi sukan ja shi ya wuce haka. Bayan digirin dakta yawanci sai an ƙara shekara biyu ko uku ana aiki ƙarƙashin wani babban masani. Daga nan, idan ta samu gurbi a jami'a, hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke tantance ƙarin girmanta mataki-mataki har zuwa farfesa, kuma abin da take dubawa shi ne binciken da mutum ya wallafa da ɗaliban da ya yaye.

A nan ne ake asarar mutane. Wanda ya gama digirin dakta a Dakar ko Faransa ko Moroko yana da shekara talatin da 'yan kai, da iyali, da dangi masu jiransa a Mayahi. Idan ya dawo ya tarar babu gurbi, ko akwai gurbi amma babu ɗakin gwaji, ko akwai ɗaki amma sinadaran aiki sai sun yi watanni kafin su iso kuma su lalace a hanya, to CAMES ba za ta ga abin da za ta tantance ba. Sai ya koma aikin kwangila da ƙungiyoyin agaji, yana cika takardun rahoto, ko ya koma inda ya fito. Ba a zargin wanda ya yi haka. Na'urar karanta kundin halitta yanzu ta kai girman tafin hannu. An yi amfani da irinta a Gini lokacin Ebola a 2015, sakamako na fitowa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sayen na'ura abu ne na rana guda, amma samar da mai sarrafa ta aikin shekara goma ne, kuma idan ya tafi na'urar ta zama kayan ado.

Maƙwabta sun nuna cewa ana iyawa. Mali ba ta fi Nijar arziki da wani abin kirki ba, amma a 1992 marigayi Farfesa Ogobara Doumbo, ɗan ƙauye daga ƙasar Dogon, da abokan aikinsa suka kafa cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro a Bamako. Dabararsu ita ce a tura matasa karatu waje, a kuma tanadar musu ɗakin gwaji da aikin da za su dawo su tarar. Ɗaya daga cikinsu, Abdoulaye Djimdé, shi ne ya jagoranci binciken 2001 da ya tabbatar da alamar halittar da ke nuna ƙwayar zazzaɓi ta fi ƙarfin kulorokin, kuma a Bamako ya zauna ya zama farfesa. A Nijeriya, Farfesa Christian Happi ya baro Harvard ya kafa cibiyar ACEGID a garin Ede na jihar Osun. Cibiyar ta taimaka wajen tabbatar da Ebola a Legas a 2014, kuma ita ce ta fara karanta kundin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020, cikin kwanaki kaɗan. Ede ba babban birni ba ne. Abin da ya kai cibiyar can shi ne mutum ɗaya da ya dawo, da jami'ar da ta ba shi wuri.

Ga masu cewa almubazzaranci ne

Akwai masu cewa ƙasar da asibitocin ƙauyenta ke rasa ungozoma da jinin ƙari ba ta da hurumin zancen kundin halitta. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe ɗakin haihuwa a buɗe ɗakin bincike. Amma a duba lissafin da kyau. Kuɗin da ake kashewa a sayi allurar da ba ta dace da nau'in cuta ba, ko maganin da ƙwayar ta fi ƙarfinsa, ko dubban tsinken gwaji da ke ba da amsar ƙarya, daga aljihun talakan Mayahi da baitulmalin ƙasa yake fita. Talaka ne ya fi kowa buƙatar a san ciwonsa tun farko, domin ba shi da kuɗin gwada magani biyu. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da yi wa kansu alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa ga bincike, kuma kaɗan daga wannan zai isa ya riƙe masana goma a Maraɗi.

Akwai kuma batun dogaro da kai, wanda shugabannin Nijar ke yawan ambato. A 2025 duniya ta ga yadda Amurka ta datse tallafin lafiya cikin 'yan makonni, shirye-shirye suka tsaya cak a ƙasashe da dama. Haɗin gwiwa da cibiyoyin waje abu ne mai kyau, babu ƙasar da ke bincike ita kaɗai. Sai dai akwai bambanci tsakanin abokin aiki da ɗan aike mai kai kwalba filin jirgi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Jama'a ma sun fi sakin jiki da nasu. Har yau ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar 1996 ba, kuma tabon da ya bari yana cikin abubuwan da suka sa wasu iyaye gudun allura. Mai binciken da zai zauna gaban mai gari a Maijirgi ya yi bayani da Hausa, aka san gidansu, aka san inda za a same shi gobe, ya fi kusa da samun amana, ya kuma fi jin nauyin riƙe ta.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatun ilimi mai zurfi da na lafiya su buɗe guraben dindindin na malamai masu bincike a fannin ƙananan halittu da sarrafa bayanan halitta da kwamfuta a jami'ar Maraɗi, a haɗa su da babban asibitin jiha da CERMES, ta yadda masani zai koyar, ya kuma karɓi samfuri daga gundumomi. Duk bursin da hukumar ANAB za ta bayar na digirin dakta a waje a wannan fanni, ya tafi da alkawari daga ɓangarori biyu: ɗalibi zai dawo, gwamnati kuma za ta ba shi gurbi da kuɗin fara aiki. A sauƙaƙa fitar da sinadaran bincike daga kwastan. A sa wa ɗakunan gwaji wutar rana, domin a Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kowa ya ga abin da dogaro da layi ɗaya ke jawowa, kuma samfurin da ya narke a firji ba ya dawowa. Kada kuma a manta da ma'aikatan gwaji na asibitocin Tasawa da Mayahi, waɗanda su ne ke fara taɓa kowace kwalba. A buɗe musu hanyar ƙarin karatu ba tare da sun rasa aikinsu ba.

'Yan Nijar da ke waje, musamman masu aiki a ɗakunan bincike na Faransa da Kanada da Amurka da Turkiyya, ba lallai sai sun tattaro kaya sun dawo ba kafin su yi amfani. Sashen aikin da ake yi da kwamfuta ana koyar da shi ta intanet. Mutum zai iya zama mai duba ɗalibin digiri na biyu a Maraɗi daga inda yake, ya sa sunan jami'ar gida cikin takardar neman tallafi, ya tsaya kai da fata a rubuta sunan wanda ya tattara samfuri a inda ya dace cikin rahoto. Alhazan Maraɗi kuwa, da suka saba gina masallatai da makarantu, su sani ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya har ya zama masanin cututtuka sadaka ce mai gudana.

Matasa su ma da nasu. Wannan hanya doguwa ce, ba ta kawo kuɗi da wuri, kuma tana buƙatar lissafi da kwamfuta da Ingilishi bayan Faransanci, saboda da Ingilishi ake wallafa yawancin bincike. Cibiyoyi irin su WACCBIP ta Jami'ar Gana da ACEGID da Pasteur ta Dakar suna karɓar ɗalibai daga ƙasashen yankin, kuma bayanan halittar ƙwayoyi dubbai suna intanet kyauta ga mai son koyo. Iyaye su bar 'ya'ya mata su ɗore a ajin kimiyya. Sunan da ke kan gaba a rahoton annobar 2015 na mace ne.

Hunturu zai sake dawowa, kuma babu wanda zai iya cewa wane nau'in ƙwaya zai taho da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da zai karanta ƙwayar annobar shekara goma masu zuwa yanzu haka yana aji a Tasawa ko Mayahi, kuma shawarar da hukumomi za su yanke a kasafin kuɗin bana ita ce za ta nuna ko a Maraɗi zai yi wannan aiki ko a ƙasar wasu.